Goma da Minti Goma

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Muryar Oga ce, amma gudumar tana hannun Gayu. Ya ɗaga ta sama ya sauke. Tas! Gilashin ya tsage bai zube ba. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, sai ga shi ya ruguzo. Agoguna suka bayyana a kan 'yan ƙananan filonsu, farare da masu ruwan zinare, suna walƙiya ƙarƙashin fitila. Gayu ya tsaya baki buɗe.

"Kwashe mana, ɗan iska! Kallo ka zo yi?"

Ya shiga kwasa yana zubawa a jaka, dariya na ƙwace masa ta cikin ƙyallen da ya rufe fuska. Katako, ƙaton cikinsu, yana bakin ƙofa, ƙafarsa ɗaya a bayan maigadi. Can bayan tebur manajar kantin tana kwance, takalminta ɗaya ya fice. Gayu ya leƙa ta.

"Madam! Yau ma sai an rubuta suna an jira?"

"Mu tafi!" in ji Oga.

Suka fito a guje. Tsohuwar tasi tana jira da lambar ƙarya a gaba da baya, Yaya a kan sitiyari, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Wan Gayu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mutumin da ko canjin fasinja bai taɓa riƙewa ba. Direbansu na ainihi yana gidan yari, shi ya sa Gayu ya yi mako guda yana yi masa magiya. Sau ɗaya tak, Yaya. Tuƙi kawai, Yaya. Yaya ya yarda a kan sharaɗi guda: ƙarfe sha biyu zai kasance a ƙofar makarantar 'yarsa. Tun ranar da ta fara zuwa aji bai taɓa barin ta ta tsaya jiransa ba, kuma ba yau zai fara ba.

"Taka ta, Yaya! Taka!"

Motar ta yi ƙara ta shige lungu. Hagu! Wani mai kura ya yi tsalle ya bar kayansa. Dama! Katako ya faɗo kan Oga, Oga ya zage shi har kakanni. Ba jiniya, ba kowa a bayansu. Yaya ya juya hannu ya duba ɗan agogon robarsa, wanda madaurinsa ya tsinke aka ɗaure da zare.

"Haba Yaya, don Allah!" Gayu ya fizge agogon ya wurga ta taga. "Kana cikin mota ɗaya da dukiya kana ɗaura roba? Kawo hannun nan."

"Kai mahaukaci ne? Da shi nake..."

Gayu ya riga ya maƙala masa mai ruwan zinare. Ya ɗaura wa kansa biyu, ya duba, ya buga ihu.

"Goma da minti goma! Oga, ko shayi bai huce ba mun gama!"

Ranar Gayu ce, kuma yana so kowa ya sani, domin shi ya kawo wannan aiki. Oga layin dillalai ya so su faɗa, inda ake sayar da agogo da rangwame a ƙananan shaguna masu ƙofar ƙarfe. Gayu ya ce sam. Can kayan hannu ne, wani an ɗaura an gaji, wani ma jabu ne an wanke masa fuska. Shi kuwa ya taɓa aron kwat ya shiga kantin kamfanin da kansa. Aka zaunar da shi a kujera mai laushi, aka ba shi shayi, ya nuna agogon da yake so a cikin gilashi, manaja ta yi murmushi ta ce babu na sayarwa, sai dai ya ba da suna ya jira, wataƙila shekara biyu. Ga kaya fal a gabansa, a ce babu! Ya tabbata takalminsa ta kalla ta raina shi. Abin ya tsaya masa a rai, ya yi ta hura wa Oga kunne har Oga ya ce to, amma in ta ɓaci a wuyansa.

Maɓoyarsu tsohon garejin fenti ne a bayan masana'antu, ba taga, sai ƙofar ƙarfe da ƙwan lantarki guda. Tsarin mai sauƙi ne. Ƙarfe sha ɗaya wata babbar mota za ta tsaya a titin baya, direban zai duba taya, su uku su haye ƙarƙashin tamfol. Ba zai jira kowa ba. Yaya kuma ya wuce makaranta abinsa. Waya kuwa ba wanda ya zo da ita, dokar Oga ce, don ta waya ake bin sawun mutum.

Yaya ya durƙusa ya cire lambobin ƙarya ya mayar da nasa. Su kuma suka baje jaka a kan benci. Oga ya fito da kwalba da 'yan ƙwayoyinsa, aka zagaya. Katako ya jera agogo tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, yana tafiya kamar mai karaya.

"Baaba, ni gida zan saya mai bene," in ji shi. "In sa wa kowane ɗaki firji."

"Har banɗaki?"

"Har banɗaki! Ina ruwanka?"

Gayu ya hau kan durom yana kwaikwayon manaja, ya maƙale murya: "Yallaɓai, ka ba da suna ka jira." Oga da ba ya dariya ya yi har da tari.

A can kantin kuwa manaja tana zaune a kujera, ana manna mata auduga a goshi, Sufeton 'yan sanda yana tsaye a kanta.

"Madam, asarar ta yi yawa ko?"

"Sosai. Gilashin nan daga waje ake kawo shi."

"Ina nufin agogunan."

Ta dube shi, sai ta fashe da dariya har audugar ta faɗi. "Ranka ya daɗe, na nuni ne. Ƙoƙo ne kawai, ba inji a ciki. A kan goma da minti goma kamfani ke kafe hannayensu don tambarin ya fito sosai. Na gaske ɗaya-ɗaya suke zuwa da sunan mai su, ko kwana ba sa yi a nan. Rabin masu karɓa ma daga nan layin dillalai suke wucewa su sayar."

Sufeto ya sosa gemu. "Wato in ɓarawo agogo yake so..."

"Can zai je, ba nan ba."

"In sayarwa yake so ma can zai je." Ya juya ga yaransa. "Ku cika min layin dillalai, cikin farin kaya!"

A gareji Yaya ya gama wanke hannu. Ya zauna, ya tashi, ya zagaya motar. Shi bai sha komai ba. Ya duba abin da ke hannunsa ya ɗaure fuska.

"Kai, zo nan. Wannan abin naka bai motsa ba."

Gayu ya duba nasa. Sai ya tafa. "Ƙauyanci, Yaya! Irin wannan ba ya cin batir. Da motsin hannu yake aiki. Sai ka girgiza shi!"

"A girgiza?" in ji Katako.

"A girgiza!"

Katako ya fara karkaɗa hannuwa biyu, ƙarafa na kacau-kacau. Gayu ya ɗauki gwangwanin fenti ya kama kiɗa. Oga ya ajiye bindiga a benci ya shigo fili yana jujjuya kafaɗa. Manyan 'yan fashi uku suna tiƙar rawa a garejin fenti don su ba agogo abinci! Suka yi har gumi ya karyo musu, suka zube a ƙasa suna haki.

"Ni dai jikina yana ba ni an daɗe," in ji Yaya. "Oga, bari in leƙa waje."

"Ba mai taɓa ƙofar nan sai lokaci ya yi. Gayu, ƙarfe nawa?"

Gayu ya bi agogunan benci ɗaya bayan ɗaya, ya duba na hannun Katako, ya duba na Oga. Sai fuskarsa ta washe.

"Kun ga abin da nake gaya muku? Duk bakinsu ɗaya! Goma da minti goma! Da na dillalai ne, wallahi da kowanne da nasa lokacin. Agogo sama da ashirin za su haɗa baki su yi maka ƙarya, Yaya?"

"Haka jira yake," in ji Oga, idonsa ya yi ja da ƙwaya. "In kana ɗoki lokaci ba ya tafiya. Zauna, dattijo."

Yaya ya zauna. Kwalba ta sake zagayawa. Katako ya ƙara wa gidansa bene na uku.

Wuuuuuu!

"'Yan sanda!"

Oga ya yi tsalle kan bindiga. Katako ya kutsa ƙarƙashin benci, agoguna suka watse. Gayu ya manne da bango. Yaya kaɗai ya miƙe tsaye a tsakiyar garejin.

"Ba 'yan sanda ba ne," ya ce a hankali. "Jiniyar masana'anta ce. Ta cin abincin rana. Kullum a ƙofar makaranta nake jin ta."

Oga ya ɗauki agogo ɗaya ya kara a kunne. Ya zaro wuƙa ya sa tsininta a bayan, ya murɗa. Murfin ya faɗi ya gangara. Ya ɗaga agogon saitin ƙwan lantarki. Wayam. Ya ɓalle na biyu, ya ɓalle na uku.

"Oga, wataƙila na ƙasan..." Gayu ya fara.

"Babbar motar ta tafi tun ɗazu." Oga ya juyo da bakin bindiga. "Na ce maka layin dillalai. Na ce ko ban ce ba?"

Yaya ko kallonsu bai yi ba. Ya zaro makulli ya nufi tasi. "Ku kashe juna in kun ga dama. Yarinyata tana tsaye a rana."

"Kawo makullin."

"Oga, don girman Allah, ita kaɗai za ta rage a..."

Ƙum! Gindin bindiga a goshi. Yaya ya sulale jikin taya. Gayu ya yi kururuwa ya faɗa kansa. Oga ya tsinci makullin, ya sa Katako ya buɗe ƙofa, ya fitar da motar. Katako ya taho zai shiga, ya ga bakin bindiga ta taga.

"Koma ciki."

"Oga, ni ne fa!"

"Na gan ka. Koma!"

Ƙofar ƙarfe ta rufe. Suka ji kwaɗo ya datse ta waje, suka ji tasi ta yi nisa.

Katako ya doki ƙofar da kafaɗa har ya gaji. Ya hau durom ya ɓalle kwanon rufi, ya tura kai da ƙirji, cikinsa ya ƙi wucewa. Gayu kuwa yana zaune a ƙasa, kan wansa a cinyarsa, yana danne jinin da ƙyallen fuskarsa. Ƙwayar ta sake shi gaba ɗaya. Tsoro ya kama shi, da kunyar da bai taɓa jin irinta ba.

"Yaya, ka yafe ni. Wallahi na ɗauka wulaƙanci ta yi min. Ban san da gaske babu ba."

Yaya ya buɗe ido ya kalli rufi. Ya kawar da kai gefe.

Ba a daɗe ba aka fasa kwaɗon. "Kar wanda ya motsa!" Aka janyo Katako ta ƙafafu, aka kifa Gayu aka sa masa ankwa. Sufeto ya shigo yana ture agoguna da takalmi, yana ba su labari kamar mai hira. Ogansu layin dillalai ya nufa shi kaɗai, da rana tsaka, wai ya fanshe asarar safe. Ko ƙofar shagon farko bai kai ba aka harbe shi a cinya. Tun kafin a tambaye shi ya faɗi gareji, ya faɗi mutum uku, ya ce direban ne ma ya tsara komai. Ga kuma tasi da lambarta ta gaskiya.

Ƙafar Oga ba ta tsira ba, a asibiti aka yanke ta. Shi da Katako da Gayu kowa ya sami shekarun da za su fito da furfura. Yaya, da bai taɓa riƙe bindiga ba, ya rasa motarsa, alƙali kuma bai ga bambancin mai tuƙi da mai guduma ba. Amma duk wannan daga baya ne. Abin da Gayu ya kasa mantawa a bayan motar 'yan sanda ya faru, suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

"Ranka ya daɗe," in ji Yaya, "ka taimake ni da waya. Magana ɗaya zan yi."

Sufeto ya dube shi, ya dubi jinin goshinsa, ya karɓi lambar ya kara masa wayar a kunne. Gayu yana jin muryar matar wansa tana fitowa, siririya, cike da faɗa.

"Ke ce? Saurara. Bar abin da kike yi ki je makaranta ki ɗauko ta... A'a, motar lafiya lau. Ki hau babur, tana tsaye tun ɗazu... Ki ce mata Baba ya ce ta yi haƙuri."

Matar ta tambayi wani abu. Yaya ya runtse ido.

"Gobe ma ke za ki je," ya ce. "Ki saya mata hula, wurin ba inuwa."