Gudumomi Tara na Fiyanon Halmosi

Ranar Laraba da safe Tibor Halmosi ya danna fiyanonsa, wurare tara suka yi shiru. Ya ɗaga murfi ya ga an cire tara daga 'yan gudumomin da ke bugun wayoyin.

Sajan 'yan sanda Mkwananzi ya same shi yana zagaya ɗaki da rigar barci. Shekara biyar ke nan da Halmosi ya gudo daga Hungary zuwa Bulawayo da matarsa Ilona, ba su da fasfon kowace ƙasa. Ranar Asabar zai kaɗa sabon kiɗan da ya rubuta a gaban shugabannin makarantar da yake koyarwa, kuma bai yarda da wani fiyano ba sai nasa. In suka sabunta masa aiki, takardar zamansa ta tsira. In suka ƙi, sai jirgi, ba a ma san zuwa ina ba.

Kuku Ndiweni aka fara tuhuma, don a garin nan da kuku ake farawa.

"Baba Saja, in sata zan yi, ga cokulan azurfa. Me zan dafa da guduma?"

Van Tonder mai gyaran fiyano ya leƙa ciki ya yi tsaki. "Kwance su aka yi a hankali, ko ƙwarzane babu. Sababbi sai daga Jamus, wata uku a teku."

"Kai za ka ci riba ke nan," in ji Saja.

"Da ni ne, a jere zan ɗebe in huta. Dubi, nan ɗaya, can biyu, duk ta hagu."

Saja ya sa Halmosi ya kaɗa wani tsohon kiɗa. Kiɗan ya tafi da ɗan ɗingishi. Saja ya ce a kaɗa sabon. Da aka kai wuri mafi wuya, ɓangaren hagu ya mutu gaba ɗaya. Yatsun suna ta gudu ba sauti, kuma Saja ya ga suna rawa suna kuskuren wuri.

"Maigida, wa ya taɓa ganin takardun kiɗan nan?"

"Babu kowa! Sai mai juya mini shafi."

"A ina take zama?"

"Ta haguna," in ji Halmosi a hankali.

Saja ya juya wajen Ilona, mai juya shafin. "Uwargida, wanda ya zaɓi taran nan ya san kiɗan da ba a taɓa fitarwa ba. Ya kuma san inda hannu ke gazawa. Kuku bai iya karatun ba, Van Tonder bai ga takardun ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da akwatin hula. Kowace guduma tana naɗe cikin safa.

"Wata uku kawai nake nema maka, Tibi. Likita ya ce wataƙila hutu ya taimaka. In fiyano ya lalace, za su ɗaga rana. In hannu ya lalace, za su kore mu."

"Kin sani?"

"Tun Maris nake kallo."

Saja ya rufe littafinsa. "Ni dai ban gano komai ba tukuna. Bincike yakan ɗauki wata uku."

Halmosi ya dubi hannunsa ya daɗe. Sannan ya ɗauki akwatin ya miƙa wa Van Tonder.

"Takardar zamana saura wata biyu ta ƙare, Ilona, ba uku ba. Mayar da su, malam."