Gidan Zanzaro

A gonar doya aka tsinci gawar Boni maharbi, bayan garin Nikki. Bindigarsa ta tsage daga gindi, ƙarfen ya buɗe kamar ɓawon ayaba. A jakarsa akwai sauran harsasai, tsofaffin kwanso da aka sake ɗurawa.

Ajidan Tamu, jami'in jandarma mai binciken mutuwar, ya fara da Bio, ƙanen mamacin, don an san suna rigimar gona.

"Shef, mun yi faɗa, ban musa ba," in ji Bio. "Amma a jakar nan nake ɗiba idan nawa sun ƙare. Zan haƙa ramin da ni ma zan taka?"

Maƙwabta sun shaida haka. Tamu ya sallame shi, ya nufi rumfar Sabi, inda Boni ya sayi harsasan.

"Ni ɗan kasuwa ne, shef, ba na ɗuri," in ji Sabi. "Aikin Baba Seko ne. Tsufa ya ci idonsa, ku kama shi kafin ya kashe wani."

"Yaushe ka karɓo su?"

"Kasuwar da ta wuce. Matarsa Bake ce ta miƙo mini, kamar kullum."

Baba Seko yana zaune shi kaɗai a tsallaken rafi. Tun faɗuwar damina ruwa ya yanke hanyar, sai da Tamu ya bar babur ya ratsa da ƙafa. Ya tarar da tsohon a ƙofar ɗaki, ciyawa ta cinye tsakar gidan.

"Baba, an ce ɗurinka ya kashe Boni."

"In an ce ni ne, ɗana, mu tafi. Ko banza kurkuku akwai mutane."

Tamu ya nemi ganin kayan aikin. Tsohon ya nuna masa ƙaramin ƙahon da yake awon albarushi da shi. Zanzaro ya gina gidansa a ciki, lakar ta bushe, har 'ya'yan sun fashe sun tafi.

"Ina matarka, Baba?"

Baba Seko ya nuna wani tudun ƙasa a gindin kaɗanya. "Tun ruwan farko. Ita ce idona, ita ke duba mini awo. Da ta tafi na ajiye."

Washegari Tamu ya koma rumfar Sabi. A bayan buhunan gishiri ya samo kwanso da gwangwanin garin fasa dutse.

"Zauna, Sabi," ya ce a hankali. "Kayan Baba sun daina zuwa, mutane kuma sunansa suke saye. Sai ka riƙa ɗurawa da kanka, da garin da ba na bindiga ba. Ƙahonsa ya nuna bai yi awo ba duk daminar nan. Kuma matar da ka ce ta miƙo maka tana kabari. Da ka taɓa tsallaka rafin ka gaishe shi, da ka sani."

Sabi ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannuwansa.

Da yamma Tamu ya sake ratsa ruwan don ya kai labari. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Wato ya ambaci sunanta?" ya ce. "Na daɗe ban ji shi a bakin kowa ba."

Ya shiga ɗaki ya fito da kwano biyu, ya goge ƙurar ɗayan da gefen rigarsa.

"Doyar ta yi wa mutum ɗaya yawa. Ka iya daka?"

Tamu ya ajiye hularsa, ya ɗauki taɓarya.