Na Hagu Ke Tuƙi

Kwanonin suka ɗauki rawa.

Ba wanda ya taɓa su. Jeren kwallar da Inna ta daɗe tana tara wa Ikram ne, an fito da su kan tabarma don Gwaggo Hawwa ta gani ta sa albarka, sai kawai na tsakiya ya fara: zrrr... zrrr... murfi na kaɗawa kamar haƙoran mai zazzaɓi.

"Innalillahi!" Gwaggo ta ja da baya har ta ture buta.

Ikram na bakin ƙofa da tiren ruwa. Ta san wannan rawar, ta san mai kaɗa ta. Amma ai ƙarƙashin matashinta ta bar abin. Wa ya kai shi cikin kwalla?

"Kar wanda ya taɓa!" in ji Rashida, ɗiyar Gwaggo, wadda suka zo tare daga Mayahi. "Ni dama na hwaɗi! Tun da Ikram ta haɗu da mushen nan, malamin boko, ba ta ji ba ta gani!"

Zrrr...

Ikram ta dire tire, ta buɗe murfin, ta ɗauko shi. Ɗan abu ne shuɗi, bai cika tafin hannu ba, da maɓallai da wani ɗan sanda mai kai kamar na ƙusa.

"Gwaggo, manet ce fa. Hannun konsol ne, abin wasa..."

"Abin wasa shi ka motsi ba rai? Aje shi, ɗiyar nan! Aje shi!"

Ga yadda abin ya samo asali. Bara, motar Maraɗi ta lalace da su Ikram kafin su iso gida Tasawa, fasinja suka zube gindin gawo. Wani dogon saurayi, Lamine, malamin lissafi a Kanan-Bakashe, ya fiddo konsol daga jaka, irin mai gilashi a tsakiya da hannuwa biyu da ake zarewa. Ya lura wata budurwa na satar kallo. Sai ya zare hannu guda ya miƙa mata. Tseren motoci suka yi. Ta cinye shi, ta sake cinye shi, har direba ya yi ta oda ba su ji ba.

Da magana ta yi nisa ya fara zuwa zance, sai ya bar mata hannun nan. Ɗakinta na jikin katangar titi, na'urar kuma tana da wata dabara ta neman hannunta in ya ɓace: a danna a gilashi, shi kuma ya kama kyarma duk inda yake, muddin yana kusa. Saboda haka Lamine bai taɓa aika kowa ya ce ana sallama da Ikram ba. Ya kashe moto, ya danna, matashinta ya yi zrrr, ta yafa mayafi ta fito. In sun gama hira ya maƙala hannun ya sha caji, ya mayar mata.

Kowa na da salula. Ba kowa ke da rabin abin wani ba.

To, yau ma yana waje. Da ya ga ba ta fito ba, sai bawan Allah ya ci gaba da dannawa.

Ihun Gwaggo ya fito da Alhaji Na Allah, mahaifin Ikram, daga turakarsa. Mutum ne da ya yi suna a cinikin wake daga Korgom har Urafane, ba a yi masa algus a buhu, amma ƙanwarsa Hawwa in ta yi rantsuwa ba ya auna ta.

"Yaya, asiri ne! A cikin kayan ɗakinta anka binne shi!"

Abin ya sake kyarma a hannun Ikram. Alhaji ya gani da idonsa.

"Wa ya ba ki?"

"Lamine ne, Baba. In ka bari in nuna maka..."

"Kuma ku duba da kyau," Rashida ta sa baki a hankali, kamar mai jin tausayi. "Na hagu ne. Biyu ne abin, Kawu. Ya riƙe na dama, ko ya kai ma wata, ya ba 'yar'uwata na hagu."



Gwaggo ta tafa hannu. "Hagu! Ko sadaka ba a ba da ta da hagu!"

Alhaji bai ɗaga murya ba, kuma shi ne abin tsoron. Ya sa aka kife turmi a kan abin, ya ce gobe Malam zai zo ya gani. Sannan ya leƙa ƙofar gida.

"Kai, mushe. Hau babur ɗinka. Kawunnanka da za su zo Juma'a, ka ce su huta."

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne. Sai dai wani lokacin abin da babban ya hango ɗin ba ya nan.

Ikram ta shige ɗaki ta kira Lamine a salula.

"Mushe..."

"Madam, mi na yi? Wallahi na zaci barci kike!"

"Ka dinga dannawa kamar mai kiran sallah! Kwalla ta ɗauka, gida ya ɗauka!"

"Wayyo ni. Sanyin idona, kar ki yi kuka, zan..."

"Ina na daman?"

"Na'am?"

"Hannun dama. Ina yake?"

Ta ji wata 'yar dariya mai ciwo.

"Yana jikin konsol, yana jiran ɗan'uwansa. Ikram, har ke?"

Ta runtse ido. An ce so hana ganin laifi. Wanda ya fara faɗin haka bai zauna da mai so ba, don ba wanda ya kai ta lissafin laifin da ba a ma yi ba.

"To mi ya sa hagu?" ta ce a hankali.

"Wannan a gaban Baba zan faɗa, in har na sake ganin zaurensa. Gobe da la'asar zan koma Kanan-Bakashe."

"Kar ka yi nisa da safe," ta ce. "Ka zo da konsol ɗin cike da caji."

Da hantsi, kafin Malam ya iso, Alhaji ya sa aka ɗaga turmin.

Wayam.

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ya koma wurin mai shi! Yaya, mi kake jira kuma? Mu dai yau za mu tafi, ba ni kwana gidan da abu ka ratsa turmi."

Ikram ta dubi turmin. Ta dubi ƙasa, inda aka ja bakinsa har ya bar sawu. Aljani, in dai yana da hankali, ba zai tsaya jan turmi ba. Sannan ta dubi Rashida, wadda tuni ta shirya, ta ɗaura kallabi, jakarta a hammata, ta matse ta kamar jaririya. Ta tuna Lamine ya taɓa koyarwa a Mayahi, garin su Rashida, ashe tun can idonta ke kansa. Ta tuna yadda Rashida ta yi ta tambaya jiya da safe, wai a ina take ajiye kyautar saurayi.

Ta je gaban mahaifinta ta durƙusa.

"Baba, tun da nike ban taɓa musa maka ba."

"Kar ki fara yau."

"Ba musu ba ne. Kai ka koya mani, ba a sayen buhu sai an soka an ga ƙwaya. Ka soka wannan maganar, Baba. In ƙwari ne a ciki, ni da bakina zan ce ma Lamine ya tafi."

Alhaji ya daɗe yana kallonta. Gemu ya shafa.

"Zaure kawai. Ba ya wuce zaure."

"Yaya!"

"Hawwa, ke ma ki zo. Da ɗiyarki."

"Kawu, mota za ta tashi..." in ji Rashida.

"Motar Mayahi ba ta taɓa tashi kan lokaci ba. Taho."

Lamine ya shigo da sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa nesa. Idonsa ja, da gani bai runtsa ba. Ya ajiye konsol a kan tabarma: gilashi, da hannu ja a dama, gefen hagu kuwa fayau, kamar ango ba hula.

Abu na farko da Ikram ta duba ke nan. Na dama na nan.

Ta ɗauka da kanta.

"Baba, ba aljani ciki. Ɗan inji ne ƙarami ke kyarma, irin na salularka in ka kashe mata ƙara. Wannan gilashin ke kiransa ta iska, kamar rediyo. Amma kunnensa gajere ne. In ya bar gidan nan, ba zai amsa ba."

"In kuma shina nan?"

"Zai gaya mana inda ya kwana."

Ta miƙa masa. "Kai za ka danna, Baba. Nan, kan hoton shuɗin."

Alhaji ya yi bismillah. Ya sa babban yatsa, ya danna kamar mai dangwala zaɓe.

Shiru.

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana.

Zrrr... caka-caka-caka...

Daga hammatar Rashida!

Ta naɗe shi a ɗankwali, ta zaci kwalla ce ke ba shi murya. Sai dai ta manta awarwaronta na cikin jakar, su kuwa suka karɓi kiɗan har da guɗa.

Alhaji ya ɗaga yatsa. Ƙarar ta tsaya. Ya sake dannawa.

Caka-caka-caka.

Ya ɗaga. Ya danna.

"Ikon Allah," ya ce. "Hawwa, aljanin naki ni yake ma biyayya."

Jakar ta suɓuce. Rashida ta zube tana kuka, wai ita tsoro ta ji kar ya cuci 'yar'uwarta, wai rijiya za ta jefa shi a hanya.

"Jiya ma tsoron ne ya kai shi cikin kwalla?" Ikram ta tambaya, ba faɗa. Ta kwance ɗankwalin, ta ɗauki abinta, ta mayar mata da awarwaron ɗaya bayan ɗaya. "Riƙe, 'yar'uwa. Sun iya kiɗa. Ki zo da su ranar biki."

Kunya ta rufe Gwaggo, amma tsohuwar mace ba ta faɗuwa da kibiya a kwari.

"To, na ji, ba asiri ba ne. Hagun fa? Yaro, ka rasa abin ba ɗiyar mutane sai hagu?"

Alhaji ya juya. "Wannan kam ina son in ji."

Lamine ya sunkuyar da kai.

"Baba, in ka yarda, hannunka zai fi bakina bayani."

Ya zare na daman ya ba Alhaji da hannu biyu. Ya jingina gilashin da bango a kan 'yar ƙafar da ke bayan gilashin. Wata mota ja ta bayyana a bakin layi.

"Wannan maɓallin wuta ne. Danna, Baba."

Alhaji ya danna. Mota ta zabura, ta miƙe ɗoɗar, hanya ta karkata, ita ba ta karkata ba. Gwaram! Ta rungumi katanga, hannun ya girgiza a tafinsa.

"Kai! Ina sitiyarin?"

"Yana hannun Ikram, Baba."

Alhaji ya dubi ɗiyarsa.

"In an haɗa su mota guda, na dama gudu ne da birki kawai," in ji Lamine. "Na hagu ke zaɓen hanya. Ni ina da ƙarfi da gaggawa, Baba, jiya ma kun ga aikina. Ita ke da ido. Shi ya sa na ba ta wanda ke tuƙi."

Ikram ta ja mayafi ta rufe fuska. Hawaye ne, amma ba irin na jiya ba.

Alhaji ya yi gyaran murya.

"Maida motar layi. Ɗiyata, kama hagunki."

Uba na ba da wuta, ɗiya na karya kwana. Suka wuce ta farko, suka wuce ta biyu.

"Sassauta, Baba, kwana!"

"Ba ni sassautawa, wanga mai koren ya raina mu!"

"Birki, Baba!"

"Na taka! Bi ta ciki! Bi ta ciki, ɗiyar albarka!"

Har Gwaggo, da ta rantse ba za ta kalla ba, aka ji ta ce, "Ku tare shi mana, ga shi nan ta bayanku!"

Da Malam ya yi sallama, ya tarar da mai gidan ya ture hula ƙeya, motarsu ta shigo ta ɗaya, gilashi na ta walƙiya.

"Alhaji, ina abin da za a duba?"

"An duba, Malam. Zauna dai, akwai fatiha nan gaba."

Manya ba su cika cewa a yi haƙuri ba, suna da tasu hanyar. Alhaji ya miƙa wa Lamine hannun dama, ya ce, yana kallon bango:

"Kawunnan naka, su zo da wuri. Ba ni son jira bayan Juma'a."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure. Tasawa ta cika, Kanan-Bakashe ta zo mota-mota. Rashida ma ta zo, da awarwaronta, ta yi wanke-wanke fiye da kowa.

Da aka jera wa amarya ɗaki, Inna ta ga kwallar tsakiya ba ta rufu da kyau ba. Ta buɗe, ta gani, ta mayar da murfi tana murmushi.

Washegari da hantsi, 'yan rakiya sun watse, Lamine ya tsaya a ƙofar ɗakinsa na kansa, bai yi sallama ba. Ya danna.

Jeren kwalla ya ɗauki rawa.

"Mushe, wallahi sai na haɗa ka da Gwaggo!"

"Amarya, a taimaka a buɗe. Direba nake nema."

Ta fito da shi a hannunta mai lalle. Ya miƙo konsol, ta zura na hagun a gurbinsa, a hankali, har ƙasa.

Ƙas!

"To, hau," ta ce. "Amma in na ce birki, ka taka."