Aljihun Hagu

"An fasa!"

Abin da Alhaji Mahadi ya jefo wa 'yarsa Nawal ke nan, saura kwana tara a ɗaura aurenta da Ziyad, sojan da ke aiki a Damazin.

Ga rigar soja shimfiɗe a kan gadon tsakar gida, ta sha guga, an ɗinka suna a ƙirji: Ziyad Sulaiman. Gefe kuma Abrar ce, 'yar maƙwabtansu a nan Suki, tana share hawayen da sai ta matsa suke fitowa.

"Wallahi ya Hajj, shi ya ba ni ita shaidar alkawari," in ji Abrar. "Ni shika so..."

Son Ziyad ya riga ya yi wa Nawal nisa. Amma ita fa 'yar tsohon shawish ce, wato sajan soja, tun tana shekara goma take hura gawayin dutsen guga tana goge kakin ubanta. Ta ɗaga rigar, ta duba wuya, ta bi maɓallai da yatsa. Sai ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ke! Dariya kike?" Alhaji ya daka mata tsawa.

"Baba, shekara ashirin ka yi cikin kaki. Wane gefe sunan soja ka zama?"

"Dama mana! Mi kika..."

Ya sake duban rigar. Sunan a hagu yake, zaren ma launinsa daban.

"Abrar, habibti," Nawal ta ce cikin murmushi, "ɗinkin ba laifi. Rigar ta kasuwar Madani ce?"

Abrar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fice har tana barin takalmi ɗaya.

Tsohon soja ba ya cewa na yi kuskure. Gyaran murya ya yi, ya ce a ƙaro kujerun biki.

Ranar Juma'a Ziyad ya iso, riga cushe cikin wando, maɓallai sun miƙe daidai da kan ɗamara, suna a dama. Nawal ta kwashe labari ta gaya masa.

"Baiwar Allah! Ta zaci bisa zuciya aka sa suna. To ya habibti, kin san mi aka aje a hagu?"

Ya ɓalle aljihun hagu, ya zaro hankicin da Nawal ta yi wa ado da zare ranar da zai tafi horo, duk ya koɗe.

"Dama ta gwamnati ce, ya Nawal. Hagu kam da mai ita tuntuni."