Injin da Ba a Yanka wa Kaza Ba

Kwana biyu jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa na tsaye cik kusa da tsibirin Palawan, fasinja na ta zage-zage an soke musu ziyarar tsibirai uku. Celso babban makanike ne ya jawo. Da aka ɗaura sabon inji, ya hana a yanka masa kaza yadda aka gada, wai ƙazanta ce.

Ya sauka ɗakin inji da tocila, ya tarar da wani tsoho tsugune, ruwan teku na ɗiga daga gemunsa.

"Manong, wa ya shigo da kai?" in ji Celso, yana kiransa yadda suke kiran dattijo a can.

"Marowaci! Kaza ɗaya ta gagare ka?"

Tsohon ya damƙi hannun Celso ya cusa cikin haƙoran ƙarfen injin. Ƙashi ya ce ƙaras, inji ya tashi da ruri. Celso na ihu ya ga tsohon yana lasar jinin da ke jikin ƙarfen, harshensa har ƙirji.