Sanarwar Ranar Juma'a

"Zan tsaya ki ɗauke ni hoto," in ji Sadisu, "amma sai kin ba ni lambarki."

Khaula ta yi dariya, ta ba shi. Ita ke rubuta sanarwa da mujallar ma'aikata a wani babban kamfanin sadarwa a Abuja, shi kuwa makanikin janareto ne da aka zaɓa gwarzon wata. Lokacin kamfanoni sai buɗe rassa suke, kowa na ganin aikinsa ya zauna daram.

Kafin wata shida manyansa sun kai gaisuwa gidan su Khaula a Karshi. Kullum da safe sai ya turo: "Marubuciyata, kin tashi lafiya?"

Wata Juma'a saƙo ya shiga wayar kowane ma'aikaci: an rufe sashen gyara, an ba ɗan kwangila. Sadisu ne na uku a jerin waɗanda aka sallama. A ƙasan sanarwar, sunan Khaula.

Ya tare ta a bakin lif.

"Tun yaushe kika sani?"

"Sati biyu."

"Sati biyu muna cin abinci tare, kina tambayata kalar labulen ɗakinmu."

Ya juya. Mahaifinta, Alhaji Manniru, da ya ji labari ya ce ba ya ba marar aiki 'yarsa.

Kwana uku tana kiran Sadisu bai ɗauka ba. Sai ta turo masa saƙon shugabanta, Oga Philip: "Ki yi shiru ki rubuta yadda aka ce, zan cire sunan mutumin naki." Ta ƙara nata: "Na yarda da shi, Sadisuna. Da kai na gaya wa, da ka nemi wani wajen tun da wuri. Yau na ajiye aikin."

Sai da ya yi sati uku kafin ya nufi Karshi.

"Yanzu ku biyun duk ba aiki?" in ji Alhaji.

"Na kama shago a Mararaba, Baba. Garin nan janareto ba ya daina lalacewa."

Alhaji ya ce a sa rana.

An ɗaura aure bayan Sallah, Allah ya ba su zaman lafiya. Oga Philip ya samu ƙarin girma. Kamfani ya rasa mai iya rubuta mugun labari da ladabi. Sadisu ya rasa aiki ya samu mata, sai dai har yau in ta yi shiru a kan abinci, yakan ajiye cokali ya ce, "Me kika sani?"