Gaisuwar Kawu Liti

"Inna, don girman Allah, yau ɗaya tak — kar a yi daka, kar a kira ni, ko akuya ce ta shigo a ƙyale ta!"

Inna Saude ta ɗago daga ɓarar gyaɗar da take yi. "Auta, na ji mana! Kurma ce ni?"

Abdulmutalib ya koma ɗaki ya gyara wuyan rigarsa a gaban laftof. Tun da ya gama karatun kwamfuta ya dawo Rogo yake tura neman aiki, kamfanin da ya yi kara shi ne wanda ya ce "mun gode". Sai yau wani kamfanin haɗa manhaja a Legas zai yi masa intabiyu ta bidiyo.

Ba aikin kaɗai ke cin ransa ba. Zakiyya yake so, 'yar Kawu Liti na Jajaye, yayan Inna. Kawu kuwa ya riga ya yanke: "Ɗan ƙanwata ne, ina ƙaunarsa. Amma ba na sa wa 'yata rana da mai wuni a ɗaki yana danne-danne. In aka gama cirar gyaɗa bai kama aiki ba, a bar maganar." Ga shi har an fara cira.

Mace da namiji suka bayyana a fuskar laftof ɗin. Netiwok ya zauna daram kamar an roƙe shi. Ya amsa tambayar farko, matar ta gyaɗa kai. Yana cikin ta biyu ya ji sallama a tsakar gida, muryar da ko a mafarki ya san ta.

Inna ta yaye labule tana washe baki. "Auta, ga Kawunka! Ni na aika masa. Yaya, shiga ka gani da idonka, ga su nan a akwatin, tun daga Legas!"

Innalillahi! "Sori, filis," ya ce da mutanen, ya sauka daga kujera ya durƙusa.

"Ina kwana, Kawu?"

"Lafiya lau. Ya gajiya? Ya zaman gida? Ya muka ji da ruwa?"

Kowa a dangi ya san Kawu Liti ba ya gaisuwar tsaye. Ya nemi tabarma, ya cire takalmi, ya zauna. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya gangara kan tsadar taki, ya faɗa kan ramukan hanya da ɗan acaɓar da ya kusa kayar da shi. Abdulmutalib na ta "Allah sarki, Kawu," wata murya na ta "Halo? Halo?" a bayansa.

"Af, baƙin naka fa? A gaishe su mana," in ji Kawu.

Ya waiwaya. Sun kashe. Sai ɗan saƙo: lokacinsa ya ƙare, sun wuce kan na gaba.

Inna ta dubi fuskarsa, murmushinta ya ɗauke. "Auta, ɓarna na yi?"

Maganganu suka cika masa baki fal. Ya haɗiye su da ƙyar. "Ba komai, Inna. Ba rabona ba ne." Ya ɗauko wa Kawu takalmi, ya raka shi bakin titi. Ya dawo ya tarar da ita tana kuka a kan gyaɗarta, shi ne kuma ya koma lallashi.

Sai a waya ya fashe. "Zakiyya, Inna ta kashe ni, Kawu ya binne ni! Taki fa! Ana intabiyu ana zancen taki!"

Ta tuntsire da dariya, dariyar ta rikiɗe kuka. "Yaya Abdul, shi ke nan mu kuma?"

"Ki yi addu'a kawai."

Ba addu'a kaɗai ta yi ba. Ta sami mahaifinta ta durƙusa, ta warware masa abin da gaisuwarsa ta ci.

Washegari sai ga Kawu da sassafe, ko tabarma bai nema ba.

"Kai, me ya hana ka ce min in jira?"

"Kawu, ina ni ina ce maka ka jira?"

Tsohon ya ce, "Aikin Legas ya kuɓuce maka saboda ni, ba ka ɗaure min fuska ba, ba ka ɗaga wa uwarka murya ba. Saude, ki faɗa wa iyayensa maza su zo a sa rana. Aiki na Allah ne, hali ne ba a sayowa a kasuwa."

Inna ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

Aikin bai zo da wuri ba, sai da ya sha wasu "mun gode" kafin wani kamfani a Kano ya ɗauke shi, lokacin Zakiyya ta riga ta tare.

To 'ya'yana, ku ji. Mu iyaye mukan yi ɓarna da kyakkyawar niyya, don zamanin ya fi mu gudu. Wanda ya haɗiye fushinsa a gaban na gaba da shi, in ya rasa ta wata ƙofa, Allah zai buɗe masa wadda ta fi.